Malafar Manu

Saniya ba ta san zaman makoki ba. Tun da aka kai Malam Manu makwancinsa, saniyarsa Wule take zagaye turkenta a bayan gida tana kuka, ta tone wajen kamar ana shirin shuka. Maraƙinta ya riga Manu tafiya, saboda haka shi yake tatsarta da kansa. Shi ya raine ta ma tun tana marainiya, kuma duk Dingaya an san ba ta yarda da hannun kowa sai nasa.

Ga hantsa ta cika ta yi tauri, wanda duk ya matso sai harbi. Yunusa, ƙanin mamacin, ya gwada sa'arsa, ya dawo yana ɗingishi.

"Adda," ya ce wa Hadijatu matar Manu, "in hantsar nan ta lalace, an gama. Gara in kai ta kasuwar Gwaram tun tana da daraja."

Hadijatu tana takaba, ba ta da bakin doguwar gardama, amma zuciyarta ta ƙi. Sauran shanun suna garken dangi. Wule kaɗai take gani daga ƙofar ɗakinta.

Da safe ta ɗauko tsohuwar rigar kiwon Manu daga jikin ƙusa, ta zura a kan kayanta, ta nufi turke da ƙwarya. Mai takaba ba ta shafa turare, don haka babu abin da ya danne warin rigar. Wule ta miƙo wuya, ta shinshina hammata, ta shinshina wuyan rigar, ta yi huci mai ƙarfi, ta tsaya cak. Nono ya sauko. Hadijatu tana tatsa tana kuka, tana kuma yi wa kanta dariya a cikin rigar namiji.

Haka aka yi ta yi har Mansura ta zo. 'Yarsu ce, tana karatun aikin jinya a Birnin Kudu, kuma ita da dauɗa ba sa ga maciji. Uwar tana ɗaki da masu gaisuwa, ita kuwa ta kwashe duk wani tsumma na gidan ta jiƙa da omo. Rigar nan har wanki biyu ta samu, don ta fi kowace baƙi.

Washegari Wule ta shinshina sau ɗaya, ta yi fatali da ƙwaryar.

"Wayyo Inna!" Mansura ta dafe kai da ta ji bayani. "Wallahi an koya mana. Gumin kowane mutum da irin warinsa, kuma hancin saniya ya fi namu nesa ba kusa ba. Na sani, amma ko kaɗan ban kawo ba."

Ba ta zauna ba. Ta birkice gidan tana neman abin da ya tsira daga hannunta. Ta kawo buzun sallar mahaifinta, Wule ta kau da kai. Ta kawo sandarsa, ta kawo takalman roba, duk a banza. Hadijatu ma ta kasa zama. Ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa turke ta dawo, ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Kafin la'asar Wule ta daina cin harawa, hantsar ta yi zafi. Yunusa ya zo ya ajiye igiya a gindin bishiyar maina.

"Gobe kasuwa, Adda. Ba mugunta ba ce."

Abin da babu wanda ya sani shi ne akwai malafar Manu. Tana ƙasan akwati, naɗe cikin zane biyu. Kullum bayan sallar asuba Hadijatu takan buɗe ta kaɗan ta sa hancinta a ciki: gumin kansa, man shanu, hayaƙin garke. Hotonsa da ke wayar Mansura bai taɓa yi mata komai ba, amma wannan wari in ya shige ta sai ta ji kamar yanzu zai yi gyaran murya a zaure. Mansura ta taɓa cewa wari ba ya dogon zagaye, kai tsaye yake zuwa inda ƙwaƙwalwa take ajiye tunani. Hadijatu ba ta buƙaci makaranta ba kafin ta san wani abin kuma: wari guduwa yake. In malafar ta sha iska da rana da hancin saniya, nata ya ƙare.

Ta buɗe akwatin ta rufe. Ta sake buɗewa. Daga bayan gida Wule ta yi wani kuka siriri, ba irin na da ba.

Hadijatu ta fito da malafar a ka. Mansura ta buɗe baki, uwar ta ɗaga mata hannu. Wule ta tura hancinta cikin malafar har ta kusa tuɓe ta, ta lashe gefenta da harshenta mai kaushi, ta sake lasa. Nonon farko ya fito da guda-guda, aka zubar. Na bayansa ya zo fari tas. Yunusa ya tsaya yana kallo, sannan ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Da Hadijatu ta koma ɗaki, ta zauna bakin gado ta kifa malafar a fuskarta. Yawun saniya ne da harawa da kashin shanu, babu komai bayan su. Ta daɗe a haka.

Mansura ta durƙusa a gabanta. "Inna, ki yafe mini. Warinsa ya tafi ko?"

Hadijatu ta miƙa mata. Mansura ta shinshina, ta ɗago ido cike da hawaye.

"Inna, ai haka Baba yake wari in ya shigo da ƙwarya da safe."

Hadijatu ta karɓa ta sake shinshinawa a hankali. Sannan ta tashi ta rataye malafar a jikin ƙusa, inda rigar take a da.