Gero Ya Ƙi Shiga Jaka

Jakar ma abin dariya ce. Wata 'yar shuɗiya mai zik, wadda ko ƙwaryar fura ba za ta haɗiye ba. Mutari ya aro ta wurin wani abokin aikinsa da ya taɓa hawa jirgin sama, ya zo ya dire ta kan tabarma gaban uwarsa yana wani hura hanci, ya ce duk abin da za ta riƙe a hannu cikin jirgi sai ya shiga nan, kuma kada ya wuce kilo biyar.

Furera ta dubi jakar, ta dubi ɗanta, ta ci gaba da taunar goronta. Jiya da la'asar ta iso Magariya daga ƙauyensu na bayan Dogo-Dogo, rabin hanya a kan jaki, rabi a bayan motar gyaɗa, har yanzu ƙugunta bai daina ciwo ba. Yau bayan azahar motar biron noma, wato ofishin aikin gona, za ta kwashe su zuwa Damagaram, su kwana, gobe da safe jirgi ya ɗaga da su Yamai. Kakar shekarar saba'in da shida ce, gwamnati ta kira taron manoma, ta ce kowane yanki ya aiko da wanda irinsa ya fi yin kyau tun bayan fari. A duk ƙasar Magariya da Dungas aka duba aka sake dubawa, ba don an so ba, sunan wannan tsohuwa ya fito. Mutari kuwa malamin gona ne a biron, shi zai bi ta ya yi mata tafinta.

Kayanta ba su da yawa. Zane biyu, mayafi, buta, tasbaha, ƙullin goro, ƙullin ƙuli-ƙuli, sai takardar allurar rigakafi da aka caka mata a hannu har wurin ya kumbura. Maimuna, matar Mutari, ta ninke su tsaf ta jera, aka ɗora kan ma'aunin gyaɗa na maƙwabci, kilo uku da 'yan kai. Kowa ya ce madalla. Sai Furera ta miƙa hannu bayanta ta jawo wani dogon naɗi na tabarmar kaba, ta kwance igiyar a hankali.

Zangarniyar gero ce guda bakwai. Amma fa gero! Kowace in ka kafa ta a ƙasa sai ta kai ƙugun babban mutum, cike taf tun daga gindi har tsini, ga gashi-gashi a jiki wanda ke hana tsuntsu sauka. A tsaye ta zaɓe su a gona kafin girbi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai irin yake yi lokacin da yake da rai.

Mai irin shi ne Hambali, mijinta, uban Mutari. Shekara ashirin ya yi yana tsintar zangarniyar da ta riga sauran nuna yana ware ta, har ya samu geron da ke isa girbi ko ruwa ya ɗauke da wuri. Da farin saba'in da uku ya zo, gonar ba ta ba su komai ba sai dami uku, Furera ta ce na iri ne, ta sa a rumbu ta liƙe. Yunwa ta shigo gari ta zauna. Mutane suka daka irinsu suka sha, suka koma ganye da dussa. Hambali ya ce a daka dami biyu a bar ɗaya, ta ce ina, shuka ɗaya ba ta kamawa a tudunsu, sai an yi biyu ko uku. Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ta shimfiɗa tabarma a bakin rumbun ta tare a nan. Da ya ga haka sai ya ɗauki sandarsa ya nufi kudu neman abin da za su ci, ga tari a ƙirjinsa. A Babura ya faɗi, a can aka rufe shi. Mutari yana lakwal, makarantar boko, a Maraɗi lokacin, labari kawai ya iske shi.

Da ruwa ya dawo, irin agajin da aka raba ya yi kara har ya fi mutum tsawo, ya ƙi yin ido. Gonar Furera kaɗai ta yi. Waɗanda suka riƙa ce mata marowaciya su ne suka zo da 'yan ƙorensu, ta auna musu. Cikin shekara biyu geron ya kai kasuwar Dungas.

To, shi ne yau aka ce ya shiga 'yar jaka mai zik. Maimuna, baiwar Allah, ta gwada a tsaye, ta gwada a kwance, ta gwada a karkace, fiye da rabi yana waje. Furera ta ce a fidda zane ɗaya. Aka fidda. Ta ce a fidda ƙuli-ƙulin, a fidda butar, Yamai ai ba ta rasa buta ba. Mutari ya ce ko an zazzage jakar kaf tsawon bai ragu ba, a dai karya kowace uku. Ta yi masa wani kallo, ya sauya magana, ya ce to a sa a babban akwatinsa wanda za a jefa cikin cikin jirgi tare da kayan kowa. Ta ce geron nan ba buhun gawayi ba ne, inda idonta yake nan zai zauna.

Ya yi ta kewaye-kewaye, ya duba agogo ya fi sau biyar, sannan ya zaro wata ambulan mai ruwan ƙasa daga aljihu. Ashe duk maganar jaka share fage ce. Shugaban bironsu, Mushe Mainassara, wato Malam Mainassara a bakin masu Faransanci, ya riga ya ba da umarni: a sussuke, a sheƙe, a zuba rabin kilo a ambulan, masu bincike a Yamai tsaba suke so. Maimuna ma ta riga ta wanke turmi.

Furera ba ta yi boko ba, amma ba makauniya ba ce. Ta ga rubutu a bayan ambulan ɗin, ta sa yatsa a kai ta ce mene ne wannan.

"Lamba ce, Inna. Goma sha huɗu."

"Sunan wa ke nan?"

"Ba suna ba ne. Haka ake shigar da iri a takarda."

Ta ce to ta gane. In an sussuke shi ya zama tsaba, tsaba kuwa duk ɗaya ce a ido, ba mai cewa wannan na wane ne. Sai a kai Yamai a ce ga goma sha huɗu na biron Magariya, ita kuma a tsayar da ita gefe da sabon mayafi a ɗauke ta hoto. Ban da haka ma, wa ya taɓa sussukar iri ruwan shuka bai sauka ba? Ta ce ba za a daka ba.

Nan fa ran Mutari ya ɓaci. Shekararsa ɗaya da rabi kacal a aikin, shugaban nan ba ya son a musa masa, kuma duk biro an san tsohuwar uwarsa ce. Ya ce ta rufa masa asiri. Ta ce asirinsa a rufe yake. Ya ce ita dai kullum haka take, in ta kafe ba mai tanƙwara ta. Sai maganar da ya shekara uku yana haɗiyewa ta kuɓuce masa.

"Haka kika ce wa Baba. Ba za a daka ba. Ga shi can a Babura."

Maimuna ta sulale ta shige madafa. Furera ta ji maganar har cikin ƙashinta, don gaskiya ce, kuma ba daren da ba ta faɗa wa kanta ita. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ni na hana," in ji ta. "Ya roƙe ni, na hana. Da za a maido ranar, ban san abin da zan yi ba, kada ka tambaye ni. Geron nan ya ci mini miji, ya ci maka uba. Shi ne kake so in miƙa wa wani ya ce goma sha huɗu?"

Mutari ya zauna kan turmin da aka kife, ya dafe kai. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Can ta ce ya ɗauko takardar masu jirgin ya karanta mata abin da ba a aunawa. Ya karanta da murya ƙasa-ƙasa, yana juyawa da Hausa: tufafin da ke jikin mutum, laima, sandar dogarawa, jaririn da ke hannun uwarsa. Ta ce ya isa. Ta ƙwala wa Maimuna kira ta ce ta ba ta aron majanyi.

Ta naɗe zangarniyar bakwai cikin zanen da aka fidda, ta duƙa, ta aza su a gadon bayanta, ta ja zane ta ɗaure a ƙirji, ta kawo majanyi ta tamke a ƙugu. 'Ya'ya tara ta goya, hannunta bai manta ba. Da ta miƙe, kawunan geron suka leƙo ta saman ɗankwalinta suna rawa. Maimuna ta toshe baki, dariya na cinta, ga hawaye a idonta. Furera ta ce a maida mata butarta da ƙuli-ƙulinta cikin jaka, yanzu ai akwai wuri.

Ana idar da azahar motar ta tsaya a ƙofar gida. Mushe Mainassara na gaba kusa da direba, da farin tabarau da rigar kaki mai aljihu huɗu. Mutumin ba mugu ba ne, a bar gaskiya, shi dai abin da takarda ta ce shi ne addininsa. Da ya ga tsohuwa ta fito da jaka a hannu da gero a goye, maƙwabta sun fara leƙowa, sai ya sauko ya yi wa Mutari ruwan Faransanci. Ba sai an juya mata ba, ta ga yadda wuyan ɗanta ya shige kafaɗa.

Ya juyo gare ta da Hausa, ya gaishe ta da ladabi, ya ce Iya, wannan ba zai yiwu ba, a filin jirgi za a sa ta kwance. Ta ce to, su zo su kwance wa tsohuwa zane a gaban jama'a, tana jira. Ya ce ana jiran tsaba a ambulan. Ta ce in sun isa Yamai, masu binciken su ga geron da idonsu tukuna, sannan ita da hannunta za ta murza musu zangarniya ɗaya, amma ba cikin wannan ambulan mai lamba ba. Ya ce lambar ta riga ta tafi a rahoto. Ta ajiye jakar a ƙasa ta ce to rahoton ya hau jirgin, ita motar gyaɗa ba ta tashi ba tukuna, kafin magariba tana rabin hanyar gida.

Kuma wallahi juyawa ta yi. Ta yi taku uku, huɗu, geron na kaɗawa a bayanta. Mainassara ya san an riga an aika sunanta, an ce mace ce, manya suna son ganinta. Ya dubi agogo, ya dubi Mutari, ya ce da Hausa don kowa ya ji, me take so ne?

Ba ita ta amsa ba. Mutari ne ya zaro alƙalamin bik daga aljihu, ya ɗora ambulan ɗin kan murfin mota. Ya san in sun dawo wannan zai biyo shi biro. Ya ja layi biyu kan lambar, ya yi rubutu a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya ce Inna ta dawo, ya rubuta, bari ya karanta mata.

Ta dawo, amma ta girgiza kai. Ta nuna Mainassara da haɓa.

"Ba kai ba. Shi zai karanta."

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin Hambali, ko sau ɗaya sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, don mace mai kunya ba ta kiran sunan miji. Tun da ya rasu kuma mutane suka daina ambatonsa a gabanta. Mainassara ya karɓi ambulan ɗin, ya gyara tabarau, ya dubi rubutun kamar zai ƙi.

"Ɗan Hambali," ya ce. Sunan geron ke nan daga yau.

Leɓenta ya motsa, idonta ya cika, ta ƙi bari ya zubo.

"Kunnena ya tsufa, Mushe. Ƙara."

Ya ƙara, da ƙarfi wannan karon, har matan da ke bakin zaure suka ji. Sannan ta ɗauki jakarta da kanta, ta ƙi hannun direba, ta hau bayan motar. Goyon bai bar ta ta jingina ba, haka ta zauna a gaban kujera, baya a miƙe, har Damagaram.