Aljanin Bayan Rumbu

Inna Rahmatu ta zagaya bayan rumbu neman kazarta mai kwanci, sai ta yi kiciɓis da abin da ya mantar da ita kazar. Jikarta Zakiyya ce a tsugune, ido a lumshe, farin hayaƙi na fitowa ta hancinta kamar madambaci ya ɗauki zafi. Ba wuta, ba garwashi, ba ƙaurin taba. Ƙamshin mangwaro ne ma ya cika wurin, ga shi ana tsakiyar kakar gero, mangwaro ko na magani babu a garin.

Tsohuwa ta ja da baya tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga banɗaki.

Dama hankalinta bai kwanta da yarinyar ba tun da ɗanta Hashimu ya turo ta hutu daga unguwar Bacirawa ta birni. 'Yar shekara goma sha biyar, amma in ta ja guga a rijiya sai ta tsaya tana haki. Ga saurin fushi, ga tari. Tarin ya fi tsaya wa Inna a rai, domin irinsa ta yi shekaru tana jinya a ƙirjin mijinta Dabo, wanda taba ta cinye har ta kai shi kushewa. To yau dai ta gano bakin zaren: aljani ne ya shafi jikarta, aljanin ma mai son mangwaro.

Ta leƙa ta kan darni ta raɗa wa maƙwabciyarta Kaltum, ta ce sirri ne. Kaltum ta rantse ba mai ji. Kafin hantsi ya dubi ludayi, mata har sun fara aiko yara da sannu.

Inna ta yafa mayafi za ta wurin Malam Yahya karɓo rubutu. Garin ɗauko takalminta a ɗaki ta ture matashin Zakiyya, wani abu ya faɗo, ruwan hoda, dogo kamar biro mai ƙiba, da 'yar kafar caji a gindi. Ta ce a ranta, 'yar tocila ce irin ta 'yan birni. Ta ƙulle a haɓar zani, ta biya ta rumfar Sama'ilu mai cajin waya a sa mata wuta, ko ba komai mai aljanu bai kamata ta zauna da duhu ba.

Sama'ilu ya juya abin a hannu, ya dubi tsohuwa, ya gimtse dariya.

"Inna, yaushe kika fara?"

"Na fara me, ɗan nema?"

"Zuƙa mana. Wannan ai shishar aljihu ce, sigarin lantarki. Sansana ki ji."

Ta kai hanci. Mangwaro.

"Yara cewa suke ruwan 'ya'yan itace ne kawai," in ji Sama'ilu, dariyar ta bar fuskarsa. "Ƙarya ne, Inna. Abin da ke kama mashayin taba ya kasa bari, yana ciki. Zaƙin nan tarko ne. Ƙanena na Rijiyar Zaki sai da aka ba shi gado a asibiti, numfashi ya gagara. Ta wace ce?"

"Ta kazata ce," ta ce, ta warce abinta.

Ba ta ƙarasa gidan Malam ba. Ta juyo ta bi ta cikin gonaki, kunya da tsoro na cin ta. Aljani da sauƙi, ana yi masa karatu ya fita. Wannan kuwa ta san inda yake kai mutum. Ta kuma san jikarta: in aka tambaye ta kai tsaye, sai ta rantse da abin da zai kashe ta ba ta taɓa gani ba. In aka gaya wa Hashimu, duka zai yi, yarinya ta ƙara ƙwarewa a ɓoyo. Daidai gindin wata kuka dabara ta faɗo mata, har ta yi murmushi ita kaɗai.

Ta tarar Zakiyya ta hargitsa ɗaki kaf, tana zazzage jaka, gumi na tsattsafo mata a goshi.

"Ƙawata, me ya ɓata?"

"Ba komai, Inna. Birona ne."

"Allah ya bayyana. Fito ki zauna."

Bayan azahar ne, inuwa ta fara sauka tsakar gida. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta jera almakashi da sabuwar reza da kwanon ruwan sabulu. Zakiyya ta bi su da kallo.

"Na menene wannan?"

"Na ga hayaƙinki ɗazu. Kada ki damu, ba laifinki ba ne, shafar aljanu ce. Na je wajen masana, sun ce irin wannan a cikin kitso yake kwana. Sai an yi miki aski ƙwal, ya rasa masauki."

Zakiyya ta dafe kai da hannu biyu. Kitson nan yini guda aka yi ana yi mata shi a birni, ko ɗankwali ba ta yarda ya danne shi sosai.

"Inna, wallahi lafiyata ƙalau!"

"Ai haka suke cewa. Shi ne ke magana da bakinki. Kai mai mangwaro, yau za ka san ka shigo gidan Rahmatu!" Ta karkaɗa almakashi a iska, ta kamo jelar kitso ɗaya.

"Ba aljani ba ne! Abin sha ne, Inna! Ƙawayena na makaranta suka ba ni!"

Inna ta ajiye almakashin. Ta kwance haɓar zani ta ɗora abin a kan tabarma. Ta shirya yin dariyar cin nasara, amma sai ta ga yadda hannun yarinyar ya zabura zai ɗauka tun kafin mai hannun ta sani. Zakiyya ma ta gani. Ta janye hannun, ta fashe da kuka, kukan ya rikiɗe tari.

"Na gwada bari, Inna. Wallahi na gwada. In ban zuƙa ba kaina kamar ya tsage, karatu ba ya shiga. Ƙirjina ciwo yake, ina tsoron gaya wa Baba."

Wasa ya fita daga ran tsohuwa. Ta jawo ta jikinta tana shafa mata baya har tarin ya lafa, tausayi ya cika ta.

"Gobe da safe za mu asibiti a Shanono, a duba ƙirjin nan, su gaya mana yadda ake rabuwa da shi. Babanki ni zan tare shi. Ni na haife shi."

"Don Allah kar ki gaya wa mutanen gari. Gara su ci gaba da cewa aljani ne."

Inna ba ta kai ga amsawa ba sai ga sallamar Kaltum, ta shigo a rikice, mayafi a hannu. Inna ta yi wuf ta dunƙule abin a tafinta.

"Inna, mun shiga uku! Aljanin Zakiyya ya tsallaka darni! Yanzu na ga hayaƙi na fita ta hancin ɗana Abdulkabir a bayan turke. Yaron da bai ƙarasa firamare ba! Wane malamin kika je wa?"

Inna ta dubi jikarta. Zakiyya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma, don ita ta ba yaron ɗayar da ta zo da ita. Can yarinyar ta ɗaga ido, ta gyaɗa wa kakarta kai a hankali.

Inna Rahmatu ta buɗe tafin hannunta.

"Zauna, Kaltum. Ga aljanin nan, malaminsa kuwa a asibiti yake. Gobe ki shirya yaron, mota ɗaya za mu shiga."