Eriya

Ranar da aka kwantar da direban a ɗakin maza na asibiti, nas ta ɗauke rediyonsa daga kan durowa ta miƙa wa matarsa.

"Baba, nan ba tashar mota ba ce. Akwai masu son barci."

Bai yi musu ba. Ya bi rediyon da ido har ya shige jaka. Tun yana saurayi yake jan babbar mota, kuma bai taɓa tayar da inji bai murɗa rediyo ba. A gida ma da shi yake aski, da shi yake cin abinci.

Likita ya riga ya ja matar gefe a baranda, ya ce zuciyar ta gaji, sai dai a yi ta lallaɓawa. Direban bai nemi jin abin da likita ya ce ba. Tambayarsa ɗaya ce kowace safiya: "Me aka ce a labarai?" Ita kuwa ba ta sani ba. Da aka kwana biyu sai ya daina tambaya. Ya juya fuska bango, abincin ma sai a mayar da shi yadda aka kawo.

Babban ɗansu ya zo masa da sabuwar waya, faffaɗa, mai sheƙi.

"Umma, rediyo ai yanzu duk yana cikin nan. Data kawai za a sa."

Aka sa. Amma ɗakin a ƙasan bene yake, sabis ba ya shiga sosai. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kan gilashin, murya ta fito ta yi kalma biyu ta sarƙe. A gadon kusa akwai wani tsoho da aka rataye masa karyayyar ƙafa. Ya ɗago kai ya ce, "Wannan rediyon naku in'ina gare shi."

Washegari ta ƙulle wayar a bakin mayafi ta je wurin mai gyaran waya. Rumfarsa ba ta wuce faɗin tebur ba, ga fitila a kunne da rana tsaka, ga wayoyi a fefeɗe, ƙananan kusoshinsu a cikin murfin kwalba.

"Ɗana, rediyo nake so ka sa min a cikin wannan. Na gaske, mai kama tasha."

Ya jujjuya ta, ya leƙa gindinta. "Mama, ba a nan ake sa shi ba. Tun daga kamfani ake haɗo shi. Wannan ko ramin iyafis ba ta da shi."

"Duk tsadarta?"

"Ai masu tsadar ne aka fi hana wa."

Ya jawo durowa ya fito da wata ƙarama wadda lambobinta suka goge. "Wannan tana da shi. Amma sai an soka mata iyafis, don igiyar ita ce eriya. Ba igiya, ba magana."

Ta tura masa babbar. Ya ce mata a fili ita ce da asara. Ta ce ba ciniki ta zo yi ba, ya nuna mata inda ake dannawa kawai.

Da ɗan ya ji, sai da jijiyar wuyansa ta tashi. "Umma, kin san abin da kika bayar kuwa?"

"Na sani. Matsa, ka tare min taga."

Don a lokacin ta riga ta gano halin ƙaramar wayar. A kan gado, ƙarar shuu kawai take yi, ba tasha. A kan durowa ma haka. Sai an ɗaga ta sama wajen taga, igiyar ta miƙe daga kunnen direban har hannun mai riƙo, sannan tasha take fitowa tas. Ta gwada ɗaure ta da ɗankwali a ƙarfen tagar, ta ƙi. Ɗan ya riƙe sau ɗaya, ya yi ta sauya ƙafa har uban ya ce ya ba uwarsa, yana kaɗa masa labarai.

Haka ta zama ita ce mai tsayuwa. Igiyar gajera ce, wuri ɗaya ne kawai yake kamawa, kuma dole ta ba gadon baya. In hannun dama ya sage sai ta tallafe gwiwarsa da na hagu. Abin da take gani shi ne bayan ɗakin wanki, da zannuwan gado a shanye, da wata kyanwa mai kwana a kan tankin ruwa. Ba ta jin komai na abin da ake faɗa. Direban ne yake rarraba wa ɗakin labarin.

"An ce ruwa ya cinye wata gada."

"Wace?" in ji tsohon.

"Ta wuce ni. Ke, ɗaga kaɗan."

"Eriya, ɗan yi hagu!" in ji tsohon, ɗakin ya ɗauki dariya. Sunan ya bi ta. Har masu shara in sun zo goge ƙasa sai su ce, "Eriya, ɗaga ƙafa." Direban ya koma cin abinci, ko da cokali kaɗan ne. Wata rana ya ce mata duk motocin da ya ja bai taɓa samun eriya mai ƙunƙuni irin wannan ba. Ta ce ya yi a hankali, eriyar tana iya sauka.

Ranar ƙarshe da hantsi ne. Ya ce ta kama masa labarai, ta je ta tsaya. Da farko ta ji ya ce za a yi ruwa a wasu wurare. Daga nan shiru. Ba ta waiwaya ba, don in ta motsa tashar gudu take, shi kuma ya saba yin shiru in labarin ya yi masa daɗi. Wata mata ta zo ta kwashe zannuwan da suka bushe, ta shanya wasu. Kyanwar ta sauko ta tafi. Hannun ya sage, ta tallafe shi.

"Baiwar Allah," in ji tsohon. Bai ce Eriya ba. "Sauke hannunki haka nan."

Ta sauke. Nas ta zo ta taɓa wuyansa, ta duba agogo, ta ja labule ta zagaye gadon, ta ce ta je ta kira ɗanta. Matar ta ce to, amma ba ta tafi nan take ba. Ta zauna a bakin gadon, ta zare iyafis ɗin daga kunnensa, da sauran ɗumi a jikinsa. Tana so ta ji a ina labarin ya tsaya. Ta sa a nata kunnen, wayar tana kan cinyarta.

Shuu kawai take yi.