Zoben Shokazobar Sha-Wuya

Tsohon da ake kira Sha-Wuya bai taɓa zama a aji ba, amma ya faɗi da babur a kwalta, ya faɗi a rafi, tirela ta taɓa watsa shi cikin kwata, duk ya tashi ya kaɗe rigarsa. Mazan da suka fara dakon kaya tare sun kwanta dama, shi kuwa yana nan daram, da babur ɗinsa da matarsa.

Matar ce aka yi wa tiyata a gadon baya. Likita ya ce a riƙa kawo ta asibiti ana duba ta, amma ban da jijjiga. Shi kuwa babur ɗin, tun zamanin dakon siminti Sha-Wuya ya murza zoben shokazobar baya ya matse sifirin tamau, ko tsakuwa ka taka sai ka ji ta a ƙeya.

Babban ɗansu ya ce, "Baba, ko a sassauta abin nan, ko in riƙa sa Inna a tasi."

"Tasi? Matar da tun tana amarya take riƙe da ƙuguna? Ina raye?"

Ya tura babur gareji. Bakaniken, wani ƙato da ake ce wa Mai Guduma, ya sa sifana, zobe ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta cinye shi, laka da baƙin mai sun daskare a kai. Ƙato ya kafa kurfi ya narka guduma, sai ga haƙorin zoben guda ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon notina.

"Baba, wannan ya mutu. A yanke a sa sabo. Tsufa ne, ku biyun duka."

"Ajiye gudumar nan, ɗan nema. Ni ban mutu ba, shi ma bai mutu ba."

Ya koma gida, ya ɗora cikin babur a kan bulo a tsakar gida har tayar baya ta yi lilo, don nauyi ya sauka daga kan sifirin. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya naɗe wurin. Kullum da safe ya kwance, ya goge da burushin waya, ya sake naɗewa. Matar na kwance a tabarma tana kallo.

"Malam, ni aka yanka, babur ake jinya."

"Yi haƙuri, 'yar tsohuwa, layi ake bi."

Ana gobe za a koma asibiti, burushi ya tono wani siririn layi a tsakiyar ƙarfen. Sha-Wuya ya bushe da dariya har da tari. Zobe biyu ne! Shi da hannunsa ya ɗaure na sama a kan na ƙasa don kada kaya su kwance shi, tsatsa ta haɗe su kamar guda. Mai Guduma kuwa duka biyun yake jibga tare, ko shekara zai yi ba za su motsa ba.

Ya kwarara ruwan zafi, ya ɗora guntun rodi a haƙorin na sama kaɗai, ya riƙa ƙwanƙwasawa a hankali kamar mai sallama a gidan surukai. Ƙarfe ya yi ƙara ƙiii, jan ruwa ya tsiyayo, zobe ya juya. Na ƙasa bai yi gardama ba. Ya sassauta sifirin, ya shafe zaren da giris, ya danna kujera da tafin hannu. Ta nutse, ta taso lumui.

Da safe ɗan ya iso da mai tasi har ƙofar gida. Uwar ta fito tana dafa bango. Ta dubi tasi, ta dubi tsohonta da ke zaune a kan babur ya karkace hula.

"Inna, ga mota," in ji ɗan.

"Bari in gwada na tsohon nan tukuna. In na ji ko ɗis, zan sauka."

Aka ɗora ta. Sha-Wuya ya ja a hankali, ya bi ta kan ramin bakin layi wanda kowa ke kauce wa. Ya kasa kunne.

"Yaya, 'yar tsohuwa? Kin ji ramin?"

"Wane rami kuma? Ka kalli gabanka, sarkin cika baki."

Ya danna oda ya ƙara, ya waiwayo ya daka wa ɗan tsawa: "Sallami mai tasi, ka ba shi haƙuri!"