Sararin da Baba Akawu Ya Bari

A gidan hoton nan da ke saman shagon ɗinki, kowa da abin da yake faɗa a kan Baba Akawu. Dogo mai gyaran hotuna cewa yake tsohon nan ya fi tausayin takarda a kan ɗan Adam. 'Yan matan da ke karɓar baƙi cewa suke in yana buga rubutu sai ka rantse ƙanƙara ke zuba a kan kwano, don har yau dukan kwamfuta yake kamar yana kan tafireta. Maigida kuwa, in ransa na daɗi, sai ya ce kayan tarihi ne ya ajiye don baƙi su sha kallo. In ransa ya ɓaci, sai ya ce sadaka yake yi da kujera. Abu ɗaya ne babu mai musu a kai: ba a taɓa kama shi da kuskuren harafi ba, shi ma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

'Yarsa ce ta kawo shi. Ita ke kula da shafin gidan hoton a intanet, ana kiranta Injiniya, rabi girmamawa rabi shaƙiyanci. Tun da ofishin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki ya rufe, tsohon ya koma zaman ƙofar gida yana gyara wa maƙwabta magana, har suka fara sauya hanya. Ta roƙi Maigida, ta sake roƙo, har ya ba shi tebur a lungu kusa da na'urar wanke hoto, ya riƙa rubuta sanarwa da gaisuwar da baƙi ke gani a shafin. Aikinta ne ke ɗora tukunya a gidansu. Nasa kuwa shi ke sa shi kafa hula da safe ya fita kamar kowa.

Tsarin gidan mai sauƙi ne. Ba sai mai hoto ya zo karɓa ba. Za a tura masa adireshi a waya, ya latsa, sai wani ɗan rubutun umarni da Injiniya ta rubuta, wanda ke zaune a babbar kwamfutar da suke kira saba, ya tabbatar shi ne mai hoton, ya ɗauko fayil ɗin ya miƙa masa. Ita tana kiran rubutun nan mai gadi.

Wata safiya shugabar wata makaranta ta bugo waya, muryarta har lungun Baba Akawu. Hotunan yaye ɗalibai ne. Iyaye suna saukewa, fayil yana sauka da sunansa lafiya lau, amma da an taɓa shi sai waya ta ce ba za ta iya buɗewa ba.

Maigida ba ya neman matsala, mutum yake nema. Ya fito daga ofishinsa da waya a hannu, idonsa ya faɗa kan Dogo.

"Kai, zo nan. Dama an ce dogo da hankali dace ne. Me ka yi wa hotunan mutane?"

"Yallaɓai, wallahi a wajena suna buɗewa."

"A wajenka! To sai iyayen yara su yi layi su zo kallo a wajenka, ko? Ka ɗauki kwamfutarka ka riƙa bi gida-gida kamar mai tallan turare."

'Yan matan suka rufe baki da mayafi. Dogo ya tsaya yana murza yatsu.

Injiniya ta ja kujera. Ta buɗe hotunan a kwamfutar Dogo, sun buɗe. Ta leƙa su a kan saba, lafiyarsu ƙalau. Sai wanda ya bi ta hannun mai gadi ne ke fitowa a mace. Ta fara bin abubuwan da ta saba zargi. Ko hotunan sun yi wa saba nauyi yana yanke su a hanya? Ta gwada ƙarami, shi ma ya ƙi. Ko mai gadi na shaida wa waya cewa rubutu ne yake kawowa ba hoto ba? Ta duba, daidai yake faɗa. Ta sauya sunan fayil, ta sauya waya, ta ari ta ɗaya daga cikin 'yan matan. Duk kanwar ja ce.

Har rana ta take tana nan, Maigida yana leƙowa yana tambaya ko digirin bai gama tafasa ba. Sai ta ajiye hoton asali da wanda aka sauke gefe da gefe, ta dubi nauyinsu. Wanda aka sauke ya ɗara ɗan'uwansa da ɗan abin da bai kai a faɗa ba. Ba raguwa ya yi a hanya ba, ƙaruwa ya yi. Ta buɗe cikinsa kamar mai farke matashi. Can sama, kafin alamar farko da ke shaida wa waya cewa wannan hoto ne, ga layi biyu fayau, babu komai a kansu. Waya kuwa ba ta da haƙuri: in ta leƙa bakin fayil ba ta ga alamar ba, ba ta ƙara taku ɗaya.

Ta bi sawun layukan. Ba a cikin mai gadi suke ba. Amma mai gadi, kafin ya miƙa hoto, yakan jawo wani ƙaramin fayil inda aka tara gaisuwa da sanarwa. Ƙa'idar irin wannan rubutu ita ce, duk abin da ya riga alamar buɗe umarni zuwa, saba ba ya tambaya, tura shi yake waje yadda ya same shi. Ta buɗe ƙaramin fayil ɗin. Alamar da ta bari a layin farko ta sauko layi na uku.

Mutum ɗaya ta ba wa fayil ɗin nan: mahaifinta. Tun tana ƙarama take ganinsa in ya zura takarda a tafireta sai ya murɗa ta sau biyu kafin ya buga harafin farko, yana cewa rubutu ba ya farawa a bakin takarda, sai na marar tarbiyya. Ta waiga. Yana can lungunsa, baya a miƙe, yana dukan madannai.

Ta goge layukan. Ta sauke hoto, ya buɗe: yarinya da hular yaye tana dariya da giɓi.

"An gyara, yallaɓai," ta faɗa daga bakin ƙofar ofis. "Ba laifin Dogo ba ne. Kuskure ne a rubutun umarni."

"Rubutun wa?"

"Nawa ne."

Maigida ya tafa hannu ya tara kowa, har da mai share-share. Ya sa ta tsaya tsakiyar ɗaki, inda ake tsayar da masu ɗaukar hoton fasfo, ya kunna mata fitilar.

"Ku kalle ta da kyau. Injiniya ke nan. An kai ta makaranta an dawo da ita, ƙofar da ta gina ma ba ta barin kaya su fita da rai. Dogo, me za ka ce mata?"

"Ni dai Allah ya isa tsayuwar da na yi," in ji Dogo, da ya ga yau ba shi ne a ƙasa ba.

Duk wannan ta iya shanyewa. Sai ta ji ƙarar kujera daga lungu. Baba Akawu ya taso, ya gyara hula.

"Maigida, a ba ni dama. 'Yata ce, amma gaskiya ba ta da dangi." Ya juyo gare ta. "A zamaninmu, harafi ɗaya ka kuskure, takardar duka za ka sake, kuma a tsaye. Ku yaran yanzu gaggawa ce ta kashe ku. Na sha gaya miki, aiki ba a yi masa kallon tsoro. Yau ga shi kin sa an zagi bawan Allah a banza, kin kuma zubar mini da mutunci a inda nake cin abinci."

"Ka ji dattijo," in ji Maigida yana murmushi. "To ki saurara. In abin nan ya sake faruwa, ko sau ɗaya, ki ɗauki jakarki ki sauka. Ba sai mun yi sallama ba."

A motar haya, kan hanyarsu ta komawa gida, ta so ta gaya wa mahaifinta gaskiya. Ta shirya maganar tun daga matakala, mai laushi, yadda ba za ta karya shi ba. Amma tun kafin ta buɗe baki ya ɗora daga inda ya tsaya, har fasinjan da ke gabansu ya juyo yana gyaɗa kai. Ta mayar da fuskarta taga. Tana iya kulle fayil ɗin yadda ba zai sake taɓa shi ba, amma da safe zai ɗaga murya ya tambayi wanda ya hana shi aikinsa. Ta ce a ranta bari zuciya ta huce tukuna, gobe ma rana ce.

Washegari shugabar makarantar ta zo da kanta, ta ce ba za ta sake tura wa iyaye komai ba sai ta gani da idonta. Maigida ya ba ta kujerar ofishinsa, aka kawo mata ruwan sanyi. Ta ciro waya, ta latsa. Fayil ya sauka. Ta taɓa shi, ta ɗan jira, hoto ya ƙi buɗewa, sannan ta juyo da fuskar wayar ta nuna wa Maigida.

Wannan karon bai yi ihu ba, ya dai juya ya dubi Injiniya.

"Ɗauki jakarki."

Injiniya ta miƙe. Ta rataya jaka. Ɗakin ya yi tsit, sai muryar Baba Akawu daga lungu, yana yi wa Dogo mita, shi a ganinsa ƙasa-ƙasa yake yi.

"Yo ina aiki zai yi kyau a wuri ba tsari? Ni ma jiya wani ya shiga aikina ya cire mini sararin sama. Sai da na mayar da safen nan."

Babu wanda ya fahimci abin da ya faɗa sai ita. Ƙofa na gabanta, taku kaɗan. In ta fita, shi ma ba zai kai ƙarshen wata a lungun nan ba, don albarkacinta yake ci. In ta tsaya, ta san irin wasan da Maigida ke yi da wanda ya faɗi. Ta dubi bayan wuyan mahaifinta, inda aski ya bar furfura sabuwa. Ta sauke jakar a kan tebur.

"Baba, me ka ce ka mayar?"

"Sararin sama mana. Layi biyu, kamar yadda ake yi."

"Yallaɓai, a ba ni minti ɗaya."

Ta jona kwamfutarta da babban allon da ake nuna wa baƙi hotuna. Ta buɗe ƙaramin fayil ɗin, ta goge layukan, ta ce wa shugabar makarantar ta sake latsawa. Hoto ya buɗe. Ta yi bayani a taƙaice, idonta a kan allo.

Maigida ya daɗe yana kallon tsohon, sai fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa kyauta.

"Baba Akawu, taso. Zo ka nuna mana yadda ake yi a zamaninku."

Tsohon ya zo, bai gama ganewa ba. Maigida ya ja masa kujera da ladabin ƙarya.

"Saka sararinka."

Ya danna sau biyu. Aka sauke hoto, ya ƙi buɗewa.

"Cire."

Ya cire. Hoto ya buɗe.

"Sake sakawa. Hajiya ba ta gani da kyau ba."

"Yallaɓai, ya isa haka," in ji Injiniya.

"Ke, jiya ƙarya kika yi mini, ki yi shiru in ba so kike ku sauka tare ba. Saka, Baba. Ai gaskiya ba ta da dangi."

Dogo ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ashe wanda bai taɓa kuskuren harafi ba, da babu yake kashe mutane!"

Shugabar makarantar ta kawar da kai, ta shiga neman wani abu a jakarta. Tsohon ya saka, ya cire, ya saka, ya cire, har Maigida ya ƙoshi.

"To madalla. Teburin nan dama firinta nake so in ɗora a kai. Ka kwashe tarkacenka. Amma kafin ka sauka, jiya a nan ka tsaya ka yi wa'azi, yau ma a nan za ka tsaya."

Baba Akawu ya miƙe da ƙyar, ya dafa tebur. Bai dubi Maigida ba, bai dubi baƙuwar ba. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu, ya fuskanci 'yarsa. Leɓɓansa suka motsa, abin da ya fito bai wuce numfashi ba.

"Ɗaga murya," in ji Maigida. "Na baya ba su ji ba."

Tsohon ya gyara murya.

"Uwata, ni ne na ɓata, kika rufa mini asiri, na tsaya gaban mutane na ci miki mutunci. Ki yi haƙuri. Don Allah ki yafe mini."