Kainuwar Malam Ɗalha

Ranar Laraba ruwan kududdufin bayan kasuwar shanu ta kara ya washe, kuma a ranar Sabuwa ta rasu.

Mijinta, Malam Ɗalha, ya koyar da aikin gona a Gumel har ya yi ritaya. Kududdufin unguwarsu ya daɗe da zama kore shar, don ruwan da ya wanko kashin shanu da takin zamani duk can yake zuba. Gansakuka ta ƙoshi, tarwaɗa ta mutu, wari ya hana cin tuwo a tsakar gida. Malam ya karanta cewa kainuwa tana shanye irin wannan dauɗa, muddin ana kwashe ta kafin ta ruɓe ta amayar da abin da ta sha. Ya samo ta a buhu, ya zuba.

Unguwa ta samu abin dariya. "Kainuwa ai dashen Allah ce, Malam, kai wa ya aike ka?"

Sabuwa ma ba ta raga masa ba. In ya turo baro cike da jiƙaƙƙen ganye, tana shanyawa tana tsiya.

"Malam, littattafanka sun mayar da ni matar masunci, ga ƙarni babu kifi. Ranar da ka tsaya a ruwan nan ka ga yatsun ƙafarka, zo ka gaya min, sai in yarda."

"Ke dai tanadi bakin ban haƙuri."

Damina ta wuce, wata ta zo. Larabar nan da hantsi ya shiga ruwan har gwiwa, ya sunkuya, ya gan su. Ya bar baron, ya nufi gida da laka a ƙafa. A bakin ƙofa ya tarar da takalman mata birjik. Jirin da ta daɗe tana fama da shi, tana cewa ba komai ba ne, shi ya kayar da ita a gindin murhu.

Bayan an share makoki bai koma ba, ba kuma wanda ya ɗauki baron. Kainuwa ta rufe ruwan, ta ruɓe, warin ya fi na da.

Mai unguwa Cindo ya zo da kansa. "Malam, sai haƙuri. Za a cike kududdufin a yanka filaye."

"A cike, ranka ya daɗe. Kwashe ganye ya gagare ku, amma zuba ƙasa kun iya."

Ran da tipa ta fara juye ƙasa, yana tsaye a gefe, hannu a baya, maganar tana nan a bakinsa tun Larabar:

"Sabuwa, na ga yatsun ƙafata."