Ranar da Aka Cika Asibitin San Lázaro

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

To, a wani ɗan gari da ake kira San Lázaro, can kusa da kogin da ya yi iyaka da Meziko, asibiti ɗaya ne, nas ɗinsa ma ɗaya ce, Ofelia Barragán. Ita ke awon jini, ita ke ɗinke wanda wayar shinge ta yaga. Abu guda doka ta hana ta: rubuta magani. Wannan sai Dakta Purifoy, tsoho ne mai ciwon gwiwa, daga nesa yake zuwa, ranar Alhamis kaɗai. Mutanen da ke kiwon shanu a cikin daji kuwa tuni suka daina wahalar zuwa.

Ana nan sai aka kai wata doka majalisar jiha, wadda za ta ba likita dama ya bar nas ta rubuta magani da yawunsa. Amma ba a zartar da doka sai an san abin da za ta ci wa baitulmali, tunda maganin talaka gwamnati ke biya. Aka ce za a turo mutum ya gani da idonsa.

Dakta ya ja Ofelia gefe. "Yarinya, ki gane lissafinsu. Mara lafiyan da ya zauna a gida bai ci musu ko dala ɗaya ba. In baƙon ya ga mutane kaɗan, dokar ta yi araha, ta wuce. Ki bar ranar ta zama kamar kullum."

Ofelia ba ta gaya wa kowa ba sai Doña Chayo, wadda ta riƙe ta ranar baftisma, don ta dafa wa baƙo kofi. Ita kuwa Chayo abin da ta sani tun tana yarinya shi ne, gwamnati ba ta jin kukan mutum ɗaya, sai ta ga taro. Da taro aka samu rijiya, da taro aka samu kwalta. Ana tashi daga coci ranar Lahadi ta tsaya a bakin ƙofa ta sanar cewa kowa ya hallara a asibiti ranar da baƙon zai zo.

Ranar da baƙon zai zo, Ofelia ta iso ta tarar da motocin a-kori-kura har bakin titi. An kwaso kowa daga daji: masu ciwon suga, masu tari, tsofaffi a kan katifa. Ga tukwanen tamale, wato alalar masara, suna tururi. Ta haɗe fuska.

"'Yar nan, saki fuska mana!" in ji Chayo. "Kai Eusebio, in baƙo ya zo ka yi tari na gaske, ba irin wanda kake yi in an ce ka tashi ka yi aiki ba."

Tsoho Eusebio, da ƙafafunsa a kumbure kamar turmi, ya ce, "Ke dai Chayo, duk garin nan bakinki ne kaɗai bai taɓa ciwo ba."

Baƙon, Mista Lindell, mutum ne mai kunya. Ya ci abin da aka ba shi, ya gaisa da kowa, sannan ya sami Ofelia a ɗakin awo.

"Madam, waɗannan duka, yanzu haka suna karɓar magani?"

In da za ta ce e, shi ke nan, babu sabon nauyi a kan gwamnati, kuma ba shi da hanyar ƙaryata ta. Ta leƙa ta ƙofa. Mutane sun sa tufafinsu na zuwa coci, suna jiran a gan su.

"A'a, ranka ya daɗe. Yawancinsu ba su taɓa karɓa ba."

"In dokar ta wuce fa?"

"Za su karɓa. Ai don su ake son ta."

Ya sunkuyar da kai. "Kin san abin da wannan zai yi wa lissafin?"

"Na sani. Amma ba zan ce babu su ba, ga su nan zaune."

Lissafi ya fito da nauyi, don an ɗauka kowane ƙauye haka yake, kuma gaskiya ne, haka yake. Majalisa ta ajiye dokar sai wani zama. Eusebio ya rasu da sanyin shekarar nan. Dakta Purifoy ya fasa ritayar da ya yi niyyar yi, ya ci gaba da jan gwiwarsa zuwa San Lázaro har aka zartar da dokar a zama na gaba, bayan an rage mata wasu magunguna. Doña Chayo ta tsufa tana alfaharin taron da ta haɗa, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa taron ne ya jinkirta dokar. Ofelia kuma tana nan a asibitin, tana rubuta magani.